Hedifon mai kuɗin garken shanu: me ake saya, sautin ko daɗin sawa?

A cikin saƙonnin da suka shigo wa shirinmu na fasaha akwai wata tambaya da ta yi ta maimaituwa, daga masu fatauci tsakanin Jibiya da Maraɗi har zuwa na Illela da Birnin Ƙonni. Tambayar ita ce: wannan abin da muke ganin ma'aikatan rediyo sun kifa a kunne, wai da gaske akwai irinsa da kuɗinsa ya kai na mota? In kuwa akwai, me ya fi iyafis ɗin da ake sayarwa a faifai a bakin tasha? Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna, da ɗan ƙarin bayanin da lokacin shirin bai ba mu dama ba.

Amsar farko ita ce e, akwai. A shekarar 2015 kamfanin Sennheiser na ƙasar Jamus ya fito da wani da ya kira HE 1, wanda aka sa wa kuɗi wajen yuro dubu 50. Tun da yuro ɗaya a tsaye yake a kan sefa 655 da 'yan ɗigo, lissafin ya kama kusan sefa miliyan 33. Akwatin da ke ba shi wuta ma da dutsen marmara na Italiya aka yi shi. Makiyayi ya fi mu sanin bijimai nawa ke nan. Amma wannan na 'yan ƙalilan ne, irin masu tara kayan alfarma. Waɗanda masu son sauti suka fi yin gardama a kansu su ne na tsakanin dala 300 zuwa dala dubu 4, kuma a nan ne maganar take da daɗin bi.

Kafin mu shiga, a sani cewa hedifon ya daɗe yana tare da rediyo. A wajen 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya riƙa haɗa shi da hannu a gidansa a jihar Utah, sojojin ruwan Amurka suka saya don masu sauraron saƙon iska. Kamfanin Beyer na Jamus ya fito da DT 48 a 1937, John Koss kuma ya kawo mai raba sauti hagu da dama a 1958, wanda aka yi musamman don jin kiɗa. Wato magana aka fara nema a ji sosai, kiɗa daga baya ya biyo.

Yadda yake aiki kuwa, duk wanda ya san ganga ya riga ya san rabin labarin. A cikin kowane kunne na hedifon akwai wata siririyar fata da ke kaɗawa gaba da baya, tana tura iska zuwa dodon kunne. Bambancin yana wajen abin da ke kaɗa ta. A mafi yawansu, naɗin wayar tagulla ne aka liƙa a bayan fatar, kusa da maganaɗisu. Wuta na shiga, wayar ta motsa, fatar ta bi ta. Akwai kuma wani iri, kamar na kamfanin Audeze da ke Kalifoniya, inda ake shimfiɗa wayar a jikin fatar gaba ɗaya, a jera maganaɗisu a gefenta, sai ilahirin fatar ta motsa lokaci guda. Wannan yana ba da kauri mai zurfi da tsabta, sai dai maganaɗisu nauyi gare shi, za mu dawo kansa. Iri na uku shi ne na kamfanin Stax na Japan, wanda ya fara sayar da shi a 1960. Shi babu naɗin waya ma sam. Fatarsa ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ana ɗora mata wuta mai ƙarfin bolt 580, ta riƙa rawa tsakanin faranti biyu masu huji. HE 1 ɗin da muka ambata ma irin wannan ne.

To, me ake nufi in an ce wannan ya fi wancan sauti? Masu harkar sun kasa sauti gida uku. Akwai kauri, irin rugugin tambari ko babbar ganga da mutum ke ji har a ƙirji. Akwai tsakiya, inda muryar ɗan Adam take, da goge, da algaita. Akwai kuma siriri, irin ƙarar kacau-kacau, da saman sarewa, da fitar harafin “s” a bakin mai magana. Babu hedifon da ke ba kowane gida haƙƙinsa daidai wa daida; kowanne da inda ya karkata, kamar dai mai miya, wata hannunta na gishiri ne, wata na yaji.

Ɗauki Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997 kuma har yau ana yin sa. Abin da ya yi suna a kai shi ne tsakiya. Murya tana fita a cikinsa kamar mutumin yana zaune a gabanka a kan tabarma, ba a ƙara mata ba, ba a rage ba. Amma can ƙasan kauri yana da rauni, wanda ya saba da dukan lasifikar biki zai ce bai ji komai ba. Ƙaninsa HD 650 na 2003 ya fi shi ɗumi, an ɗan sassauta siririn, shi ya sa wasu ke cewa sun fi daɗewa da shi ba gajiya, wasu kuma su ce kamar an rufa wa sautin mayafi. Sama da shekara ashirin ke nan ana wannan musu, ba a gama ba.

Babban wansu a daraja shi ne HD 800 na 2009. Shi faɗi ya kawo. Idan ka sa shi, sai ka ji makaɗa sun baje, wannan can dama, wancan can hagu da ɗan nisa, maimakon duk su cunkushe a tsakiyar kanka. Laifinsa shi ne siririnsa yana da kaifi a wani wuri, har yakan soki kunne; da aka fito da HD 800 S sai aka sa masa wani abu a ciki da ke shanye wannan kaifin. Focal Utopia na Faransa, wanda ya shigo kasuwa a 2016 a kan wajen dala dubu 4, fatarsa da wani ƙarfe mai suna beriliyom aka yi ta, marar nauyi amma mai tauri, kuma an san shi da fito da ƙananan abubuwa: numfashin mawaƙi, gogar yatsa a kan tsirkiya.

Nan ne wurin da ya kamata a tsaya a yi wa mai saye gaskiya. Hedifon mai kyau ba ya gyara sauti, tona masa asiri yake yi. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawar iska daga sau 20 zuwa wajen sau dubu 20 a daƙiƙa. Rediyon FM yana kawo har wajen dubu 15. Gajeren zango da matsakaicin zango kuwa, wajen dubu 5 suke tsayawa, ga kuma shuu da ƙarar iska. In ka jona hedifon na dala dubu a irin wannan, shuu ɗin zai kawo maka tsaf, ba zai ƙirƙiro abin da tashar ba ta aiko ba. Haka waƙar da aka tura daga waya zuwa waya, aka matse ta sau da yawa kafin ta sauka a memori. Haka tsofaffin kaset na kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos da aka juye ba da kulawa ba: a kan hedifon mai kaifin siriri, hucin kaset ɗin zai ishe ka, alhali a ƙaramar rediyo ba ka ma lura da shi. Ga irin wannan sauraro, mai ɗumi ya fi mai kaifi, ko da mai kaifin ya ninka shi kuɗi.

Sai babban bambancin da ya fi kuɗi muhimmanci, wato buɗaɗɗe da rufaffe. Duk waɗannan manya da muka lissafa, HD 600, HD 800, Utopia, Stax, bayansu a buɗe yake, raga ce kawai. Sennheiser ne ya fara kawo wannan salo da HD 414 a 1968. Dalili shi ne in an toshe bayan fatar, sautin yana dukan murfin ya dawo, ya haifar da amo kamar mai magana a cikin tulu. In an buɗe, iska ta wuce, sautin ya sake. Amma ƙofar da ta bar sauti ya fita ita ce ke barin hayaniya ta shigo. Na kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai ma kana jin duk abin da ke kewaye. An yi su ne don mutum ya zauna a ɗaki shiru, ƙofa a rufe. A ranar kasuwar Maigatari, ko a bayan babbar mota, sautin da ka biya maƙudan kuɗi dominsa ƙarar inji ce za ta haɗiye shi, sai ka yi ta ƙara murya, wanda shi ne hanyar lalata kunne.

Rufaffe kuwa shi muke sawa a ɗakin watsa shiri, kuma ba don ya fi daɗi ba. Dalilin shi ne makirfo a buɗe yake a gabanmu, in sauti ya zubo daga hedifon ya koma cikinsa sai ku ji wannan ƙara mai tsinka kunne. Shi ya sa gidajen rediyo a duniya suka riƙe irin su Sony MDR-7506 na 1991, da Beyerdynamic DT 770 Pro, da Sennheiser HD 25 wanda 'yan rahoto da masu ɗaukar sauti a fili ke so. Kuɗinsu yana tsakanin dala 100 zuwa 200, ba su kusa da na alfarma ba, amma suna toshe hayaniya, suna jure wahala, kuma ana samun kayan gyaransu. Shi HD 25 kusan kowane ɓangarensa ana cire shi a sauya: waya, matashin kunne, har kunnen kansa.

Yanzu ga makiyayi, maganar ta juya. Shi kunnensa kayan aiki ne. Da shi yake jin saniyar da ta ware, da kukan maraƙi, da haushin kare, da babur ɗin da ke tahowa daga nesa, kuma a irin zaman da ake ciki a dazukan kan iyaka ba sai an yi wa kowa bayanin amfanin jin motsi da wuri ba. Hedifon da ya toshe kunne biyu ruf, a daji, ba abin yabo ba ne. Abin da a kasuwa ya zama aibin buɗaɗɗe, a wurin kiwo shi ne alherinsa. Ba muna cewa a tafi da HD 600 bayan shanu ba. Muna cewa iyafis ɗin da ke zama a bakin kunne ba tare da ya cusa roba ciki ba, ko sa kunne ɗaya a bar ɗaya, ya fi dacewa da wannan aiki fiye da duk wani mai toshewa.

Mu zo kan daɗin sawa, wanda masu talla ba su cika magana a kai ba, alhali shi ke yanke hukunci. Hedifon da ya dame ka bayan rabin awa, komai kyan sautinsa, rataye shi za ka yi.

Na farko nauyi. HD 25 giram 140 ne, MDR-7506 wajen 230, HD 600 wajen 260, HD 800 wajen 330. Utopia ya kai 490, Audeze LCD-2 kuwa ya haura rabin kilo saboda maganaɗisun nan. A hannu ba za ka ɗauke shi komai ba, amma bayan awa biyu wuya ne zai ba ka labari. Sai dai nauyi kaɗai ba ya faɗin komai, yadda aka raba shi ne. Duk wadda ta taɓa ɗaukar ƙwaryar nono ta san aikin gammo: kaya ɗaya ne, amma da gammo mai faɗi ana kai shi kasuwa, babu gammo kuwa tsakar kai ta yi zafi tun kafin a fita ruga. Madaurin hedifon gammo ne. Mai faɗi, ko mai ɗamarar fata da ke bin siffar kai, yana sa mai nauyi ya zama da sauƙi, siriri mai tauri kuma yana sa marar nauyi ya zama azaba.

Na biyu matsi. Dole hedifon ya kama kai, in ba haka ba zai zame, kuma kaurin sautin ya zube. HD 600 sabo an san shi da matsa kai sosai kafin ya saki. HD 25 ma haka, ga shi a kan kunnen yake zama ba kewaye shi yake ba, don haka guringuntsin kunne ne ke ɗaukar matsin. Na kamfanin Grado da ke birnin New York ma a kan kunne suke zama da wani soso mai ɗan kaushi, masoyansu suna yabon yadda suke fito da garaya irin ta Turawa, amma su da kansu sukan yarda ba na doguwar zama ba ne. HD 800 a nan ya yi zarra, kofunansa manya ne, kunne ba ya taɓa komai a ciki. Mai sa tabarau ya lura: sandar tabarau tana ɗaga matashin, iska ta samu hanya, kauri ya ragu, musamman a rufaffe. Mai rawani da mai malafa kuma, madauri ba shi da wurin zama sai an tuɓe, wannan kaɗai ya isa ya sa da yawa su zaɓi iyafis.

Na uku, kuma a ƙasarmu shi ne babba, zafi. Waɗanda suka ƙera waɗannan kaya a Jamus da Japan da Faransa suke. Matashin kunne iri biyu ne: na karammiski, da na fata ko ledar da aka yi ta kamar fata. Na leda ya fi toshe hayaniya, ya fi riƙe kauri, amma a watan Afrilu minti ashirin ya isa kunne ya jiƙe sharkaf. Gumi kuma shi ke cin ledar, ta fara ɓarewa tana barin baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. Masu MDR-7506 sun san wannan sarai. Karammiski, irin na DT 770 da HD 600, yana shan iska, amma yana shan ƙura da man kai, kuma da ya kwanta sautin yana canjawa, domin fatar ta matso kusa da kunne. Saboda haka matashi abin sauyawa ne kamar tayar mota, kuma kafin ka sayi hedifon ka tambaya ko ana samun nasa. Irin su Stax kuwa ƙura da laima abokan gabansu ne. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga tsakanin farantan nan sai a riƙa jin tsiwa. A lokacin hunturu, da hazon nan da ke shiga har cikin akwati, ba sai an faɗa ba.

Akwai wani tarko da ke kama masu saye, shi ne batun wuta. A jikin kwali za ka ga an rubuta lamba da kalmar om. Wannan yana nuna yadda hedifon ke tauri wajen karɓar wuta. Iyafis na waya yawanci 16 ne ko 32. MDR-7506 63 ne, waya tana iya tura shi. HD 600 da HD 650 da HD 800 kuwa 300 ne, a ƙaramar waya za ka ji su ƙasa-ƙasa ba kuzari, sai an haɗa su da amfilifaya, ita ma da kuɗinta, kuma tana son wuta. DT 770 ana yin sa kala uku, 32 da 80 da 250, suna ɗaya, kamanni kusan ɗaya. Wanda ya ɗauko na 250 don ya jona a waya zai zaci an cuce shi, alhali lambar ce bai duba ba. Stax ko kaɗan ba ya shiga ramin waya, sai da akwatinsa.

Ga fatake masu kwana a hanya, akwai wani iri da ya fi waɗannan duka amfani a cikin mota, wato mai kashe hayaniya, irin na Bose da Sony. Yana da ƙananan makirfo da ke sauraron ƙarar waje, sai ya fitar da kishiyarta, su kashe juna. Ya fi iya ƙara mai ɗorewa iri ɗaya, kamar gurnanin inji. Maganar mutane da hon ba ya cinye su duka. Masu tsananin son sauti sukan raina shi, amma a cikin mota shi ke ba ka damar sauraro da murya ƙasa. Sharaɗinsa batir, batir kuma ba ya son a bar shi a rana a gaban mota. Wannan na fasinja ne. Direba da ɗan acaba, kunnensu na hanya ne.

Batun murya ƙasa ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni cewa babba zai iya sauraro a ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne masu karɓar sauti, in sun mutu ba sa tsirowa. Alamar farko ita ce ka cire abin ka ji kunne yana ƙara shi kaɗai, ko maganar mutane ta yi maka nisa. Gwaji mai sauƙi: in wanda ke tsaye kusa da kai, nisan hannu, sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, to ka yi yawa, rage. Siririn sauti shi ke fara tafiya, wato daidai abin da ake biyan miliyoyi don a ji.

Masu sayo kaya don sayarwa, ku kula da jabu. Sunayen da suka yi fice, musamman Sony da Sennheiser, ana kwaikwayonsu har kwali da tambari. In an ce maka ga MDR-7506 sabo a kuɗin da bai kai rubu'in nasa ba, ka san amsar. Gwada shi da muryar da ka sani sosai, karatun wani alaramma da ka saba ji ko muryar mai karanta labarai, ka ji ko ta fito yadda ka san ta. Ka juya sautin ƙasa sosai ka ji ko hagu da dama sun daidaita. Ka motsa wayar a gindin fulogi, domin nan ne ake fara samun katsewa. Wanda wayarsa ke cirewa ya fi wanda aka haɗe, tun da waya ce ke riga komai mutuwa. Sannan kada ka yanke hukunci a minti biyu, domin wanda aka cika wa kauri shi ke burge mutum da farko, kuma shi ke fara gundura. In mai shago ya yarda, bar shi a kanka kwata na awa kuna ciniki.

Abu na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin wayoyin da ke kama FM ba su da eriya a ciki, wayar iyafis ɗin ce eriyarsu, shi ya sa rediyon ke ƙin buɗewa sai an jona. Wanda ya sayi marar waya mai aiki da Bluetooth, komai tsadarsa, ba zai kama tasha da shi kaɗai ba a irin waɗannan wayoyi. In kana can inda tashar ke zuwa da rauni, warware wayar ta miƙe, kada ka bar ta a dunƙule cikin aljihu, ka ɗan juya har shuu ɗin ya ragu.